Ina Zuba Masa Ƙwayar Yawu a Jiƙon Abokinsa

Hajiya Rekiya, assalamu alaikum.

Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar nan, sau uku ina farawa ina yagewa. Ba ni da wanda zan faɗa wa wannan magana a dangi, domin duk wanda ya ji ta da hantsi, kafin la'asar ta isa kunnen maigidana. Ki ɓoye sunana, ki ce da ni Maman Sumayyah kawai. Sunayen sauran mutanen ma na sauya su.

A Karu muke zaune. Shekararmu ashirin da bakwai da aure, 'ya'yanmu huɗu, jikoki biyu. Maigidana, bari in kira shi Alhaji, mataimakin darakta ne a wata ma'aikatar tarayya, saura shekara uku ya yi ritaya. Ni kuma malamar firamare ce. In kin san irin mazan nan da in suna wuri ba a jin muryar kowa, to shi ne. Ɗaurin aure, suna, taron unguwa, shi ake miƙa wa lasifika. In ya dawo daga ofis sai ya tsaya bakin kicin ya ba ni labarin wanda ya shigo da wanda ya fita, har da kwaikwayon muryoyinsu, ina yanka albasa ina dariya har in rasa wane hawayen ne na albasa. Ni ba mai yawan magana ba ce. Yakan ce Allah ne ya haɗa rediyo da mai sauraro.

Shekara biyu da suka wuce aka gano yana da ciwon daji a can bayan hancinsa, ta wajen maƙogwaro. Ba zan ba ki labarin wannan shekarar ba, Allah kada ya maimaita mana. An yi masa gashi da na'ura har sati bakwai a wani babban asibiti cikin gari. Alhamdulillahi ciwon ya kwanta, duk hoton da aka ɗauka tun daga lokacin likita cewa yake yi babu komai. Sai dai gashin ya taɓa maɓuɓɓugar yawunsa. Sun faɗa mana tun farko haka na iya faruwa, muka ce in dai rai ya tsira, mene ne yawu?

Hajiya, ashe yawu babbar ni'ima ce da ba ma gode wa. Bakinsa ya bushe ƙamas. In ya yi magana ta minti biyu sai harshen ya manne a dasashi, sai ya tsaya ya kurɓi ruwa. Gorar ruwa ta zama kamar carbinsa, har masallaci da ita yake zuwa. Abinci kuwa cewa yake kamar yana tauna dusa. Kilishi, dambun nama, gasasshiyar masara, gurasa, duk abin da yake so ya rabu da shi. Kullum kuɓewa, kuka, karkashi, har yara suka sa wa gidanmu suna gidan yauƙi. Ya ce mini a ofis ya saba lasar yatsa in zai buɗe shafin fayil, yanzu sai ya kai yatsan baki ya ji ba komai, ya dubi yatsan kamar wanda aka yi wa sata. Amma abin da ya fi taɓa shi shi ne tofi. Tun yaranmu na ƙanana, duk wanda zai yi tafiya ko jarrabawa, sai ya dafa kansa ya yi addu'a ya tofa masa. Ranar da autanmu zai koma jami'a ya durƙusa gabansa, Alhaji ya karanta, ya zo tofawa sai iska kawai. Na san malamai sun ce ko hurawar ma ta wadatar, shi ma ya sani, amma sai ya tashi ya shige ɗaki. Daga nan rediyona ya yi shiru. Ya dawo daga aiki, sannu, yauwa, shi ke nan.

Da muka koma asibiti muka yi ƙorafi, likita ya rubuta masa wata 'yar ƙaramar ƙwaya, ya ce tana zaburar da abin da ya saura na maɓuɓɓugar yawun ya yi aiki. Sau uku a rana. Ya ce sai an yi haƙuri, takan ɗauki makonni kafin a ga amfaninta sosai, kuma tana sa gumi. Da ƙyar muka same ta a wani babban kemis a Wuse. Alhaji ya fara sha. Gumin kuwa ba irin wanda muka zata ba ne. Ba ya daɗewa da haɗiye ta sai ki ga ruwa na bin wuyansa, hanci na yoyo, ga yawan zagawa fitsari. Duk da haka ya daure har kwana goma sha ɗaya.

Rana ta goma sha biyu ya sha ta azahar a ofis, sai aka kira mitin na gaggawa da babban sakatare. Ɗaki ga esi kamar cikin firij, kowa na rawar sanyi, shi kuwa farin yadinsa ya jiƙe sharkaf har ana ganin singileti. Yana cikin bayani wata jami'a ta miƙo masa hankici ta ce, “Oga, sori, ko a kira direba?” Babban sakatare da kansa ya ce ya je gida ya huta, wani ya ƙarasa bayanin. Kafin a tashi aiki labari ya zaga bene huɗu cewa ciwon Oga ya dawo. Har waya aka yi mini ana jajanta mini. Ya shigo gida bai ko cire hula ba, ya ɗauki kwalin maganin ya jefa kwandon shara, ya ce, “Hajjaju, gara in bushe da mutuncina da in jiƙe ana tausayina.” Na yi lallashi, na sa Sumayyah, babbar 'yarmu, ta yi, ya ce kada wanda ya ƙara tayar masa da zancen. Da ya fita sallah na tsamo kwalin na goge na ɓoye a cikin tukwanena. Wallahi a lokacin ban san me zan yi da shi ba.

Yanzu sai in gaya miki labarin Baba Abraham. Manomi ne a Karshi, ɗan asalin wurin. Shekara goma sha biyu da suka wuce Alhaji ya sayi 'yar gona kusa da tasa, shi ya koya masa yadda ake tara kunyar doya, daga nan suka ƙulla abota irin wadda ban taɓa ganin Alhaji ya yi da kowa ba. Lokacin gashin nan, duk ranar Laraba sai Baba Abraham ya bar gonarsa ya hau mota biyu ya zo asibiti, ya zauna kan benci bakin ƙofa da hularsa a hannu yana tasa addu'ar har a fito da Alhaji. A cocinsu ma da sunansa aka riƙa roƙa masa sauƙi. Mutumin kirki ne na ƙarshe, ba na so ki ɗauke shi wani iri.

Da ya ji Alhaji ya bar maganin asibiti, sai ga shi da jarka cike da jiƙo. Akwai tsamiya a ciki, da citta, da zuma, da sassaƙen wata bishiya da ban san sunanta da Hausa ba. Ya ce, “Alaji, wannan magani kakana ce ya koya mini. Ka sha ta safe da yamma. In gumi ta zo kada ka ji tsoro, ciwo ne tana fita.” Alhaji ya karɓa hannu biyu. Sati biyu yana sha, ni nake zuba masa a kofi. In ya kurɓa tsamin kan ɗan motsa masa baki na ɗan lokaci, sai a koma gidan jiya. Yana ta ramewa, wuyan rigunansa duk sun yi masa yawa. Wata safiya na ga yana fama da loma ɗaya ta tuwo, ya juya ta ya juya ta, ƙarshe ya faki idona ya mayar a hannu. Na koma kicin na tsaya. Sai na tuna maganar Baba Abraham ta gumi. Na ɗauko kwalin nan, na sa ƙwaya ɗaya tsakanin cokula biyu na murƙushe, na zuba a kofin jiƙon na motsa. Na kai masa. Ya shanye ya ce Allah ya yi mini albarka.

Yau wata huɗu ke nan. Ɗaya bayan sallar asuba, ɗaya bayan magariba. Ta azahar ban taɓa ba shi ba, don kada abin ofis ya maimaita. Ta asuba gumin kan same shi a mota, cikin goslon Nyanya, kafin ya isa sakatariya ya bushe. In kwalin ya kusa ƙarewa sai in bi ta Wuse bayan an tashi makaranta da tsohuwar takardar likita. Abin dariya abin kuka, gumin nan da ya sa ya jefar da maganin, yanzu shi yake murna da shi. Sai ya goge wuya ya nuna mini tawul ya ce, “Kin gani? Ciwo ne tana fita,” da muryar Baba Abraham.

Wajen sati na biyar abu ya fara sauyawa. Ba kamar da ba, ba zan yi miki ƙarya ba, har yanzu yana yawo da gorarsa. Amma ya cinye tuwonsa. Ya ɗanɗani dambu. Ya dawo tsayuwa bakin kicin. Ranar sunan jaririn Sumayyah aka miƙa masa lasifika don a gwada, ya yi kusan minti goma yana ba mutane dariya, sau ɗaya kawai ya kurɓi ruwa. Da aka kawo masa jaririn ya yi addu'a ya tofa masa, ya ɗago ya neme ni da ido a cikin mata. Na gudu bayan gida na yi kuka mai isata. A ranar na ce wa kaina ko me na yi, daidai na yi.

To ga inda abin ya fara cin raina. Na farko, akwai wata baiwar Allah, Madam Elizabeth, tela ce a Masaka, tare suka riƙa zaman layin gashi da Alhaji, ita ma bakin nata ya bushe. Ita tana shan irin ƙwayar nan, tana haƙuri da gumin. Alhaji ya buga mata waya ya ce ta daina wahalar da kanta, ga magani a Karshi, ya aika mata da jarka guda. Ta kuwa ajiye ƙwayar. Makon jiya ta kira ni don godiya, ina jin yadda harshenta ke mannewa a waya, ta ce, “Mama, ni har yanzu bai kama ni ba, amma Oga ya ce in ƙara haƙuri.” Na ce mata Allah ya ba da sauƙi. Baba Abraham kuma yanzu mutane har daga Mararaba suna zuwa nemansa, don Alhaji bai bar kowa bai ba shi labari ba. Tsohon sai murna yake, ko kwabo ba ya karɓa, cewa yake Allah ne ya ba kakansa.

Na biyu, da muka je ganin likita wata guda da ya wuce, ya ga jinin Alhaji ya hau, ya ƙara masa wani sabon maganin hawan jini. Kafin ya rubuta sai da ya tambaya, “Alhaji, ba ka shan wani magani ko? Waccan ƙwayar ta yawu ka bar ta?” Alhaji ya ce tuni, jiƙon abokinsa kawai yake sha. Ina zaune a gefe, jakata a cinya, kwalin na cikin jakar. Likita ya dube ni, na sunkuyar da kai. Tun daga lokacin sau biyu yana ce mini ya ji jiri da zai fito daga mota. Ban sani ba ko haɗuwar magungunan ne, ko gajiya ce, ko tsorona ne kawai.

Na uku shi ne ya sa na ɗauki biro. Asabar ɗin da ta wuce ya tafi Karshi haƙar doya, ya kwana can, yana shan jiƙon daga tukunyar Baba Abraham kai tsaye. Ya dawo ranar Lahadi da yamma leɓɓansa a tsattsage. Na kawo masa kofinsa, bayan kamar awa guda ya ji daɗin bakinsa. Sai ya kira ni ya ce in zauna. Ya ce, “Hajjaju, na gano sirrin maganin nan.” Hajiya, sai da na ji kamar ƙasa ta buɗe. Ya kama hannuna ya juya tafin ya ce, “Ba ya aiki sai daga wannan hannun. Albarkar taki ce.” Ya sumbaci hannun, abin da rabonsa da yi tun muna Kaduna muna amarci.

Shekara ashirin da bakwai ban taɓa ɓoye wa mutumin nan komai ba, ko gishiri na zarce a miya ni nake fara faɗa. Yanzu kullum sau biyu ina yaudararsa yana sa mini albarka. In na faɗa masa, ina tsoron ya daina sha ya koma shirun nan, kuma ya daina yarda da duk abin da ya fito daga hannuna. Ina tsoron kunyar da zai ji gaban mutanen da ya aika Karshi, da fuskar Baba Abraham. In na yi shiru kuma, ga Madam Elizabeth, ga jirin nan. Wani lokaci sai in ce a bar kaza cikin gashinta tunda yana samun sauƙi. In faɗa wa likita shi kaɗai a asirce? In ci gaba har ya yi ritaya? Ko in daina kawai ba tare da na ce komai ba? Ki faɗa mini gaskiya ko da za ta yi mini ɗaci.

Taki,
Maman Sumayyah, Karu

AMSA

'Yar uwa Maman Sumayyah, wa alaikumus salam wa rahmatullah.

Sau biyu na karanta wasiƙarki. A karon farko na yi dariya wajen goslon Nyanya. A karo na biyu ban yi ba. Tunda kin ce in faɗa miki gaskiya, ga ta: daga yau kada ki ƙara murƙushe ƙwayar nan a kofinsa, kuma kada Juma'a ta zo ba ki faɗa masa ba.

Ni ba likita ba ce, saboda haka na kai maganarki, ba tare da suna ba, wurin wata ƙawata likita da wani likitan haƙori. Ƙawar tawa ta ce daga bayaninki ƙwayar nan ita ce ake kira pilocarpine. Magani ne na gaske, yana taimaka wa mutane da yawa da gashi ya busar wa baki, in dai akwai sauran maɓuɓɓugar da ke da rai, kuma da alama Alhaji na cikin masu sa'a. Amma aikinta bai tsaya a baki ba. Tana taɓa bugun zuciya, da numfashi, da ido, shi ya sa ake taka-tsantsan da ita ga mai asma, da mai ciwon zuciya, da mai wani nau'in hawan jinin ido. Kuma akwai magungunan hawan jini da sai likita ya san ana shan ta kafin ya haɗa su. Ba ta ce lallai ita ce ta kawo jirin ba, ba za a sani ba sai an duba shi. Amma likitansa ya rubuta sabon magani ne bisa amsar da ba gaskiya ba, mutumin kuma yana tuƙi kullum a kan titin da kika sani. Wannan kaɗai ya isa. In jirin ya ƙaru, ko ya ji zuciyarsa na wani iri, ko numfashi ya yi masa wuya, kada ki jira Juma'a, ku tafi asibiti da kwalin a hannu.

Ban ɗauke ki mayaudariya ba. Mace ce ke da ta ga mijinta yana mayar da loma a hannu, ta yi abin da ya zo mata. Da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi da su ne da sun yi haka. Amma ki dubi ɓangarensa. Alhaji bai ƙi maganin don taurin kai ba. Mutum ne da ciwo ya riga ya ƙwace masa abubuwa da yawa, sai aka zo aka sallame shi daga mitin gaban na ƙasa da shi. Abin da ya rage masa a ranar shi ne ikon cewa a'a a kan jikinsa, ya kuwa faɗa. Ke kuma cikin ƙauna kika karɓe wannan ikon ba da saninsa ba. Kuskuren da kuka yi ku biyu shi ne ba wanda ya koma wurin likita ya ce gumin ya yi yawa, a duba mana. Ke da kanki kin gano cewa sauya lokacin sha ya raba shi da kunyar ofis. Da a teburin likita aka gano haka, da ba a kai nan ba.

Hanyoyi ukun da kika lissafa ba mai ɓullewa. In kika faɗa wa likita a asirce, kin jawo shi cikin ɓoyon, kuma likitan kirki ba zai yarda ba. In kika ci gaba, ramin ƙarya ƙurarre ne, wata rana zai shigo kicin neman ruwa ya tarar da cokula biyu a hannunki, kuma abin da ya gani da idonsa ya fi abin da kika faɗa masa da bakinki ciwo. In kika daina shiru, bakinsa zai sake bushewa bai san dalili ba, mutumin da ya taɓa ciwon daji kuwa kin san inda zuciyarsa za ta fara zuwa. Kada ki yi masa haka.

Ki zaɓi lokacin da ba yaro ba baƙo, ya ci ya huta. Ki ajiye kwalin a gabansa. Ki fara da ban haƙuri, ba da hujja ba. Ki faɗi ranar da kika fara, da abin da kika gani ya sa kika fara, da sau nawa kike ba shi, kada ki rage komai. Abu ɗaya nake roƙonki, kada ki ce “ai ga shi ya yi aiki.” Ya sani, zai lissafa da kansa. In ya yi faɗa, ki saurara. In ya yi shiru kwana biyu, ki bar shi, haƙƙinsa ne. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, kuma ba wanda ya taɓa ƙaura ya bar wa ɗan uwansa bakin.

Madam Elizabeth ba za ta jira fushinsa ya huce ba. A ranar da kika faɗa masa, a ranar za a kira ta. Ya fi kyau ya kira da kansa tunda shi ya ba ta shawarar, amma in ya kasa, ke ki kira, ki ce ta koma wurin likitanta ta faɗa masa ta ajiye maganin, shi zai gaya mata yadda za ta ci gaba. Duk wanda Alhaji ya aika Karshi kuma a sanar da shi kada ya bar maganin asibiti.

Baba Abraham kuwa ki bar wa Alhaji, abokinsa ne, ya fi ki sanin yadda zai faɗa masa. Tsohon bai yi wa kowa ƙarya ba, abin da ya gada ya bayar da zuciya ɗaya. Mutum irin wannan ba zai so a bar shi yana raba wa marasa lafiya abin da yake zaton ya warkar alhali ba haka ba ne. Ku je tare har gida, kada a yi ta waya. Ku kuma tambaye shi sunan bishiyar nan, ku kai wa likita. Likitan haƙorin ya ja kunne a kan jiƙon: yawu shi ke wanke haƙora yana kare su, bakin da ba shi da yawu in ana zuba masa tsami da zaƙi safe da yamma, haƙoran ne za su biya. Ya ce Alhaji ya je a duba haƙoransa ko ba ya jin ciwo.

Sannan ku koma asibiti ku biyu, ki faɗa wa likita komai da bakinki. Ƙawata ta ce akwai abin da za a iya yi da yawa: a daidaita yawan ƙwayar, a sauya lokutanta, a sha tare da abinci. Akwai kuma abin fesawa da na shafawa a baki masu maye gurbin yawu, da cingam marar sukari, da man goge baki mai ƙarfafa haƙori. Asuwaki ma yana motsa baki. Ya rage goro da shayi mai kauri. In kuma zai riƙa sha da rana, ya ajiye riga ta biyu a ofis, ya kuma riga masu gulma da bakinsa: maganin da nake sha ne ke sa ni gumi, mu ci gaba. Mai iya magana irinsa jimla ɗaya ta ishe shi kashe zancen.

Saura abu mafi wuya. Mai yiwuwa bayan duk wannan ya ce shi dai ba zai sha ba. In haka ta faru, ki roƙe shi, ki sa likita ya yi masa bayani, amma ki tsaya nan. Jikinsa ne. Sai dai ban zaci haka ba. Wancan karon ya jefar da abin da bai ga amfaninsa ba ne. Yanzu ya san abin da zai rasa.

Ki yi alwala, ki yi raka'a biyu, ki kashe wayarki, ki shiga ki same shi. Allah ya sassauta zuciyarsa, ya sa ciwon nan ya tafi ke nan har abada, ya ba Madam Elizabeth lafiya, ya saka wa Baba Abraham da alheri, ku kuma ya bar ku tare har tsufa.

Taku,
Hajiya Rekiya